Mun Tafi Njamena Mu Biyu, Na Dawo Ni Kaɗai

Tun da na dawo ba a bar ni na sarara ba. A ofis, a coci, har wajen mai shayin bakin titinmu a unguwar Mairi ta Maiduguri, tambayar ɗaya ce: "Malam Ishaku, yaya taron? Ina tsarabarmu?" Nakan ce lafiya lau, in sauya zance. Waɗanda suka san ba ni kaɗai na tafi ba sukan dube ni kawai, kuma kallon nan ya fi tambayar ciwo. Na gaji da ba da amsa gutsi-gutsi. Ga labarin gaba ɗayansa, wanda ya karanta don Allah kada ya ƙara tare ni a hanya.

Mu biyu aka gayyata daga sashenmu na jami'a, ni da Bukar. Aikinmu nazarin ruwa ne: nawa ya sauko daga sama, yaya kogi ke cika, ina zai bi idan ya fi ƙarfin gaɓarsa. Taron kuwa na horar da masu bincike ne daga ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, a koya mana hasashen ambaliya da wata manhajar kwamfuta da ke kwaikwayon tafiyar ruwa. An ce kowa ya zo da alƙaluman kogin garinsu. Namu na kogin Ngadda suna cikin kwamfutar Bukar, don shi ya shafe shekaru yana tara su.

Bukar Babarbare ne na Ajilari, ya girme ni, shi ya sa nake ce masa Ya Bukar. Ni daga kudancin Borno na fito, shi kuma Fasto yake kirana, alhali ko waƙa ban taɓa jagoranta a coci ba. Yana da wata ɗabi'a da duk sashenmu ya sani: ba ya iya wuce gada. Sai ya leƙa ƙafafunta, ya ga tabon da ruwan bara ya bari a jikin siminti, ya ɗauki hoto. Matarsa Falmata ta sha yi masa gori cewa hotunan gadoji a wayarsa sun fi na 'ya'yansa yawa. A gida ba a damu ba, don sojojin da ke gadin gadojinmu sun san shi, har suna ce masa Injiniya.

Na so mu bi ta jirgi. Bukar ya ce hauka ne mutum ya tashi zuwa Abuja, ya zaga ta wata ƙasa, don ya je garin da kakanninsa ke zuwa a kan jaki. An sake buɗe hanyar Dikwa, ana bi da rakiyar sojoji, mu ma mu bi. Na yi gardama kaɗan, na haƙura.

Mun yi sammako zuwa tashar Muna, muka tarar da motoci sun yi layi har ba a ganin ƙarshensu, manya masu ɗauke da buhunan abincin agaji da ƙanana irin tamu. Babu wanda ya san lokacin tashi. Ni dai don in kashe zaman jira na dinga shan shayi, kuma na yi da-na-sanin haka. Da aka tashi direbanmu ya juyo ya faɗi doka: ba a tsayawa. Ko taya ta fashe, a kan ƙarfe za a ci gaba. Tun kafin Mafa marata ta cika, na fara mutsu-mutsu, ga mata a motar. Bukar ya lura, ya raɗa mini, "Fasto, ka riƙe madatsar nan da kyau, akwai jama'a a ƙasanta." Na so in yi dariya, na ji tsoron abin da dariyar za ta jawo. A haka na daure har Dikwa.

Dariyar da muka yi a hanyar nan ke nan. A kujerar gaba akwai wani dattijo da zai je ya duba ko gidansa na nan. Duk kangon da muka wuce sai ya ambaci sunan garin da ranar kasuwarsa, ba tare da wani ya tambaye shi ba. "Nan ranar Laraba ake ci. Nan albasa ce tasu. Nan na auro uwar yarana." Babu rufi, babu ko akuya, ciyawa ta tsiro a cikin ɗakuna. Gonakin masakwa, dawar rani, da na sani tun ina ɗalibi duk sun koma daji. Can wata mata a bayanmu ta ce, "Baba, don Allah ka bari." Ya bari, amma na ga leɓɓansa na ci gaba da motsi.

A kowane shinge sai a sauka, a taka da ƙafa, maza su ɗaga riga a ga ciki. Ni da an karanta sunana a kati sai a miƙo mini. Bukar kuwa, da tsagar Barebari a fuskarsa da ɗan gemunsa, sai a ce ya koma gefe. Abin ya fi ɓata mini rai fiye da shi. Ya ce mini, "Mun saba. Kai dai riƙe mini jakata."

A Gamboru, kan gadar da ake ƙetarawa zuwa Kamaru, na ga hannunsa ya nufi aljihu. Na cafke wuyan hannun.

"Ya Bukar, nan ba gida ba ne."

Ya dubi hannunsa kamar na wani. "Wallahi ban ma sani ba. Na bari, Fasto. Na bari."

Jami'an Kamaru suka juya fasfo ɗinmu gaba da baya, suka yi ta Faransanci muna gyaɗa kai, suka buga hatimi. Hanyar Kusuri kuwa ramukanta sun fi kwaltarta yawa. Mun isa da la'asar, muka shiga neman masauki. Na farko ya ce akwai ɗaki, da ya ga Maiduguri a takardunmu sai ɗakin ya cika. Na biyu ma haka. A na uku wata Bahaushiya mai jiki, wadda aka haifa a can, ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Ku ne masu kawo mana tashin hankali." Sannan ta ba mu ɗaki a gefen kicin, ta karɓe fasfo ɗinmu ta ce sai da safe. Ta kawo gasasshen kifi da wani rogo da aka naɗe a ganye, mai tsami da danƙo. Bukar ya sunsuna ya tura mini. "Ci, Fasto. Ku ba abin da ba kwa ci." Na cinye nawa da nasa, sauro kuma suka ci rabonsu a jikinmu.

Da safe muka nufi gadar da ta raba Kusuri da Njamena. Jama'a maƙil, masu kaya a ka, masu tura baro, sojoji ta kowane gefe. Ina gaba, shi yana bayana da jakar kwamfutarsa. Mun kusa kaiwa ƙarshe sai na ji tsawa. Na waiga.

Bukar na jingine da ƙarfen gada, rabin jikinsa a waje, waya a hannunsa. Daga baya na ga abin da ya ja shi: sandar awo ce sabuwa fil a ƙafar gadar, irin ƙarfen nan mai lambobi da ake karanta tsayin ruwa da shi. Namu na gida duk sun yi tsatsa ko an cire. Ya gan ta, hannunsa ya yi abin da ya saba. Kafin in kai wurinsa an kwantar da shi a ƙasa, hularsa ta gangara, mutane sun watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Na ɗaga takardar gayyata ina ihu da Turanci, da Hausa. Wani soja ya sa bakin bindiga a ƙirjina ya tura ni baya. Suka duba fasfo ɗina da wayata, ba su ga komai ba, suka nuna mini hanyar gari. Shi kuma suka sa shi a mota, shi da jakar kwamfutarsa. Ya ɗago kai ya ce, "Je ka taron, kada mu rasa duka biyu. Yanzu za su sake ni." Na tsinci hularsa na sa a jakata, na ɗauki jakar kayansa.

A otal ɗin taron na tarar an jera tebura, kowace kujera da suna a gabanta. Na zauna kusa da sunan Bukar. Na gaya wa masu shirya taron abin da ya faru, suka nuna damuwa ƙwarai, suka yi ta buga waya. Wadda ta ɗauki abin kamar nata ita ce Madam Ashta, wata mai bincike 'yar ƙasar, wadda ke jin Hausa don mahaifiyarta daga Gamboru take. Ta ce mini, "Ɗan'uwa, ka zauna a aji da safe. Nan ofisoshi da wuri suke tashi, da an ba da hutun rana sai mu fita."

Haka kwanakin suka tafi. Da safe wani dogon Bature, mai haƙuri da son aikinsa, yana koya mana yadda ake zuba wa manhaja ruwan sama da tudu da kwarin ƙasa, ita kuma ta nuna unguwar da za ta fara nutsewa. Kowa ya buɗe alƙaluman koginsu. Ni ba ni da komai, sai aka ba ni na wani kogin Turai in yi gwaji da shi. Har yanzu ban iya faɗin sunansa daidai ba, amma na san duk ƙauyen da zai cinye idan ƙanƙara ta narke. Wata rana Baturen ya tambaye ni tashoshin awo nawa ke aiki a saman koginmu. Na ce babu ko ɗaya, garuruwan da suke ciki ba kowa. Ya ce akwai dabarun cike giɓi da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna mini. Dabarun suna da kyau, na kuma koye su.

Garin kansa ban gan shi sosai ba. Abin da ya fara razana ni babura ne. Mu da aka hana su shekara da shekaru, na manta yadda ƙararsu take, duk wanda ya taho ta bayana sai na tsargu. Burodinsu dogo kamar sanda, ga tauri, shayinsu ja wur. Suna cin wata waina mai faɗi da laushi da miyar kuɓewa, ga naman raƙumi gasasshe a bakin titi, amma ni komai na sa a baki ɗanɗanonsa ɗaya. Ran nan wani ma'aikacin otal ya saki tire a bayan ɗakin taro. Kafin ƙarar ta mutu ina ƙarƙashin tebur. Da na fito ba wanda ya yi dariya, sai wani ɗan Nijar daga Diffa da ya miƙo mini hannu, na ga shi ma gwiwar wandonsa da ƙura.

Da rana kuwa ni da Madam Ashta muna kan hanya, daga wannan ƙofa zuwa waccan. A nan a ce ba a kawo shi ba, a can a ce mai maganar ya fita. Ofishin jakadancinmu suka rubuta bayanina suka ce za su bi. A ƙarshe wani ɗan'uwan mijinta ya sama mana ganin jami'in da maganar ke hannunsa.

Na shiga da shirin faɗa, sai na tarar da mutum mai sanyin magana. Ya sa aka kawo mana shayi. Kwamfutar Bukar na buɗe a kan teburinsa. Ya juyo mana da ita, yana magana da Larabci Madam Ashta na fassarawa. Taswirar Maiduguri ce, wadda na sani kamar tafin hannuna. Kowace gada an zagaye ta, an rubuta daidai inda take da tsayinta da faɗinta. An ja layi a kan titunan da za su fara yankewa. Unguwanni an shafa musu ja. An sa alama a asibitoci da makarantu da hanyoyin fita gari.

Na yi bayani iya iyawata. Na ce jan nan ruwa ne, layin nan inda mota ba za ta wuce ba ne idan kogi ya cika, asibitocin kuma don a san inda za a kai mutane. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Na ji. Amma ka gaya mini tsakaninka da Allah, wanda ke son ya raba garinku biyu ya hana agaji shiga, wace taswira zai nema in ba wannan ba?" Gaskiya ya faɗa. Ya buɗe wayar Bukar, gada bayan gada bayan gada, ta ƙarshe tasu. Ya ce ƙanensa ya mutu a harin da aka kai kasuwa, kuma wanda ya kai harin shi ma da takardu masu kyau ya shigo. "Wataƙila abokinka malami ne kamar yadda ka ce. Idan na sake shi na yi kuskure, wa zai amsa? Maganar ta wuce ni, ta tafi sama." Na roƙe shi, ban ji kunyar roƙon ba. Abin da na samu kawai shi ne izinin ganinsa.

A wani tsakar gida aka fito da shi, rana tsaka. Ba tabarau, kai ba hula, ban taɓa ganinsa haka ba. Na miƙa masa hularsa, mai gadin ya karɓa ya lalube ta, ya ba shi. Ya sa, ya gyara mata zama, sai ya ɗan koma Bukar ɗin da na sani.

"Fasto, me suka koya muku?"

"Ya Bukar, wannan ce tambayar?"

"To me zan tambaya? Abincin nan ko kai ba za ka ci ba."

Na ce masa ana ƙoƙari, kowa na ƙoƙari. Ya gyaɗa kai kamar mai jin hasashen da bai yarda da shi ba. Sai ya matso, ya rage murya.

"Ka saurare ni. Kada ka gaya wa Falmata ta waya, ka je da ƙafarka. Sannan ka ga taswirar nan, layinmu a cikin ja yake, ja sosai. Gidan a kwari yake, kuma an toshe hanyar ruwan da gine-gine tun da mutanen ƙauye suka cika gari. Na yi niyyar in kwashe su kafin damina, ban gaya mata ba don kada ta tayar da hankali. Idan ban dawo da wuri ba, ka sa ta koma unguwar Dala wurin yayanta. Ka yi mini wannan."

Na ce zan yi. Mai gadin ya taɓa kafaɗarsa. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe. Da muka koma aka ce an miƙa shi gaba. Gaba ina? Wannan ƙasar, ko tamu, ko ta tsakiya? Ba wanda ya iya gaya mana.

Ranar rufe taro aka raba takardun shaida. Tun kafin mu zo aka buga su, mai kiran suna kuma bai san komai ba. Ya kira Bukar, aka fara tafi, tafin ya mutu a hanya. Na tashi na karɓa. Madam Ashta ta raka ni har bakin gada tana kuka, ta ce ba za ta daina zuwa ofisoshin ba, kuma har yau ba ta daina ba. Na ƙetare ina kallon ƙafafuna.

Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta. Hanyar ce dai, da kangayenta. A shingaye ana miƙo mini katina da sauri, ba wanda zan tsaya jira.

Ban sauka a Mairi ba, na wuce Ajilari da jakar kayansa. Na biya na ɗauki limamin layinsu, don irin wannan labari ba a kai shi mutum ɗaya. Falmata na ganinmu tare, ga jakar mijinta a hannuna, ta dafa bango ta fara salati. Na yi sauri na ce, "Yana da rai, Ya Falmata. Na gan shi da idona, yana da rai." Ta kora yara ɗaki, ta shimfiɗa mana tabarma, ta ji labarin tun daga farko ba ta katse ni ba. Da na zo kan hoton sai ta rufe ido ta ce, "Gada."

Na isar da saƙonsa kamar yadda ya ba ni. Liman ma ya sa baki, ya ce umarnin miji ne, kuma mai ilimin abin ne ya faɗa. Ta ce ta ji.

Da hadari ya fara haɗuwa na koma na tuna mata. Na zo da kwamfutata, na nuna mata abin da na iya sake haɗawa da dabarun Bature, ga layinsu nan a cikin ja. Ta kalla sosai, ta yi tambayoyi masu ma'ana. Washegari ta kai yaran Dala da kayansu da buhun gero. Ita kuma ta dawo.

Raina ya ɓaci, na je na same ta. Na ce, "Ya Falmata, alkawari na ɗauka. So kike in ci amanarsa?"

Ta ce, "Malam Ishaku, ka sauke naka, Allah ya gani. Amma ka san yadda suke sakin mutane. Ba sa sanarwa. A bakin hanya suke ajiye mutum, ba waya, ba takarda, wani ma hankalinsa ba daidai ba. Maƙwabciyarmu mijinta ya dawo bayan ta tashi, ya yi ta yawo a gari yana tambaya, mutane na gudunsa. Ya Bukar ƙofar nan kaɗai zai nufo. Ba zai zo ya tarar da kwaɗo a jikinta ba."

"Idan ruwan ya zo fa?"

"Ya same ni."

Yanzu damina ta yi nisa. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, da ya ɗauke nakan shiga Keke Napep in tafi Ajilari. Shekaranjiya sai da na naɗe wando tun daga bakin layi. Maƙwabta na dama da na hagu sun kwashe. Ruwa ya haye dokin ƙofa ya shiga tsakar gida, ta ɗora gado a kan bulo, ta mayar da murhu kan tebur. Na same ta tsaye a zaure, ruwa har idon sawu, tana tura shi waje da tsintsiya yana dawowa. Ta gaishe ni, ta tambayi iyalina, sannan ta ce in ɗan matsa gefe, ina tare mata hanya ba ta ganin bakin layi.